Injin yanka tortiya tari-tari: yadda ake zaɓensa, a girka shi, a yi aiki da shi a Maraɗi

Sana'ata gyaran injuna ce. Injin niƙa, injin kwaɓa fulawa na gidajen burodi, injin matse man gyaɗa, da su hannuna ya saba. Wata safiya wata Hajiya da ke unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, ta aiko jikanta ya kira ni, wai an sauke mata inji a akwatin katako kuma an rasa wanda ya san ta inda za a fara. Hajiyar ta daɗe tana yin cincin da soyayyar gyaɗa tana rarraba wa butik-butik. 'Yarta da ta yi karatun sarrafa abinci ce ta kawo mata sabuwar haja, soyayyen yankan tortiya, kuma kasuwa ta karɓa. Sai dai 'yan mata huɗu ke wuni a zaune da wuƙaƙe, yatsunsu duk sun yi kanta, yankan kuma bai taɓa zuwa daidai ba. Wani babba, wani ƙarami, in an zuba a mai ƙaramin ya ƙone kafin babban ya soyu. Abin da na koya a gidanta, da wanda na ƙara daga baya, shi zan shimfiɗa a nan don wanda ke da niyyar shiga wannan harka kada ya sha irin wahalar da muka sha.

Ga wanda bai san tortiya ba, abincin mutanen Meziko ne da maƙwabtansu na tsakiyar nahiyar Amurka. Ka ɗauka gurasa ce amma siririya ƙwarai, faɗinta santimita 15 ko kusa da haka, ba yisti a cikinta, kuma asalinta da masara ake yi. Ba garin masara ake kwaɓawa kai tsaye ba, don shi ba ya riƙe kansa. Tafasa tsabar ake yi a ruwan da aka sa wa farar ƙasa tacacciya ta abinci, ba irin ta shafen bango ba, kamar giram 10 ga kowane kilo na masara. A bar ta a jiƙe awa 8 zuwa 16, a wanke, a niƙa da damshinta. Wasu al'ummomin can da toka suke yi, abin da ba zai zama baƙo ga matanmu masu ruwan toka da kanwa ba. Ƙullun da ya fito su ma "masa" suke ce masa, ko da yake ba ruwansa da masa irin tamu ta tanda. Akwai kuma tortiyar fulawar alkama, wadda ta fi yawa a arewacin Meziko.

Yankan nan mai kusurwa uku da ake soyawa, "totopo" suke kiransa. Wadda ta shahara da mayar da shi hajar kamfani ita ce Rebecca Webb Carranza, a birnin Los Anjeles, ƙarshen shekarun 1940. Injin kamfaninsu yakan fitar da tortiya masu karkataccen baki waɗanda ba sa sayuwa, sai ta riƙa yanka su tana soyawa. Manyan kamfanoni a yau, irin masu yin soyayyen yankan leda mai suna Doritos, tun ƙullun yana ɗanye suke shimfiɗa shi su yanke da ganga mai juyawa kafin a gasa. Wannan wani layi ne daban, mai cin kuɗi da fili. Maganarmu a kan ɗaya hanyar ce: a gasa tortiya cikakkiya, a jera ta tari, inji ya sauko ya yanke tarin a lokaci guda.

Wane iri ya dace da kai

Mafi sauƙi shi ne na hannu, mai doguwar mariƙa da ake dannawa ƙasa. Ba kuran, wato wutar lantarki, ba iska, ƙarfin damtse kawai. Mai ƙaramin gidan abinci ya ishe shi.

Na biyu shi ne mai aiki da matsin iska, kuma shi ne na gidan Hajiya. Silinda ce a tsaye, iskar kwamfuresa, wato injin matsa iska a tanki, ke tura fistin ɗinta, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinta. Ƙirarsa iri biyu ce. A wani, wuƙaƙen ne ke saukowa su sari tarin a kan farin allo na roba mai tauri. A wani kuma wuƙaƙen a kafe suke, kaifinsu na kallon sama, wani faranti mai tsagogi ya danno tarin ya ratsa ta cikinsu, yankan ya zuba cikin roba a ƙasa. Na fi son wannan na biyun, saboda ma'aikaci ba ya sa hannu ya kwashe yanka a ƙarƙashin kaifi. Kan wuƙaƙen ana canza shi: wuƙa biyu a giciye ta ba ka yanka 4, uku ta ba ka 6, huɗu ta ba ka 8, akwai kuma wanda aka jera wuƙaƙensa sambal don yankan tsaye kamar taliya mai faɗi.

Na uku shi ne mai cin gashin kansa. Bel ne ke ɗauko tarin daga na'urar da ke ƙirga tortiya tana jerawa, wani ido mai aiki da haske ya hango tarin ya iso, bel ya tsaya, wuƙa ta sauko ta koma, bel ya wuce da yankan. Gaba da shi ma akwai masu wuƙar da ke karkarwa sau 20,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya don kada abu mai danƙo ya manne mata. Suna da kyau, amma in suka lalace ba a Maraɗi za a gyara su ba.

Kafin ido ya ruɗe ka, zauna ka yi lissafi. A ce tarinka tortiya 24 ne, kana yanka shida. Dannawa ɗaya yanka 144 ke nan. In ɗorawa da yankewa da kwashewa suka ci daƙiƙa 10, a minti ɗaya ka sami 864. Yanzu je ka dubi kaskon suyarka ka tambayi kanka ko zai iya cinye wannan a minti ɗaya. Ka kuma dubi masu gashi, ko za su iya ba ka tortiya 144 a minti. A gidan Hajiya, aikin da 'yan mata huɗu ke wuni a kai, injin iska yana gama shi kafin a sha fura, sauran wunin a rufe yake da zane yana jiran masu gashi. Don haka shawarata ga duk mai matsakaicin jari a garin nan: ka tsaya a na iska, ragowar kuɗin ka sa su a wurin gashi da suya. Mai bel sai wanda tandarsa ma ta inji ce.

Abin da za ka tambaya kafin kuɗi su bar hannunka

Fara da kuran. Namu a Nijar volt 220 ne, mai layi uku kuma 380, yana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Na Amurka volt 120 ne, na Meziko 127, dukansu sau 60. To su ne gidan wannan inji, don haka da yawa daga cikin masu kyau an ƙera su ne bisa kuran ɗin can. Taransifoma tana gyara volt, amma ba ta taɓa yawan bugun. Motar lantarkin da aka yi wa 60, in ka ba ta 50, gudunta zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, kuma za ta iya riƙa ɗaukar zafi, a garin da watan Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40. Sai mai sayarwa ya turo maka hoton ɗan farantin ƙarfen da ke manne a jikin motar ka karanta da idonka. Injunan Sin da na Turkiyya galibi kuran ɗinsu ya yi daidai da namu. Wani alherin injin iska shi ne da yawansu ba su da mota ko kaɗan, kwamfuresa ce kawai ke shan wuta, ita kuwa a nan gida za ka saya.

Sai ƙarfe. Duk inda abinci ke taɓawa ya zama inoks, ƙarfen nan marar tsatsa, mai lamba 304. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu: a jikin 304 ba ya kamawa, ko ya kama sama-sama. In ya manne daram a gangar jikin injin, ka yi tambaya. Gwajin ba hujja ce cikakkiya ba, don akwai inoks mai araha da shi ma ba ya kama maganaɗisu, amma yana tona asirin baƙin ƙarfen da aka yi wa fenti mai ƙyalli. Wuƙaƙen kuwa in sun kama kada ka damu, da wani nau'in inoks mai tauri ake yinsu don su riƙe kaifi, shi kuma yana kamawa.

Ka auna tortiyarka ka faɗa musu faɗinta, ka tambayi iyakar tsayin tarin da injin ke ɗauka. Sannan ka haɗa odarka da kan wuƙa na biyu, da robobin cikin silinda, da bawul, wato makullin iska, guda na ajiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Robar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba tana iya zaunar da inji wata biyu kana jiran saƙo ya fito daga duwan. Tiyo da mahaɗansa ana samu a Katsina ko Kano, amma wuƙa ta injin ce kaɗai.

Girkawa

Ɗaki mai daɓen siminti ko tayil, mai ƙofa da taga masu raga. Teburin ya zama na ƙarfe mai nauyi, tsayinsa daidai ƙugun mai aiki. Ka ɗora ma'aunin magina ka tabbata bai karkata ba, ka ɗaure injin da noti, don duk saukar wuƙa yana girgiza, in ba a ɗaure ba zai yi ta matsawa baki. Wurin ya yi nesa da kaskon suya. Tururin mai yana sauka a kan ƙarfe, ƙurar hunturu ta bi ta manne, cikin mako guda sandar silinda ta yi baƙin danƙo.

Kwamfuresa a waje za ta zauna, a inuwa, inda iska ke ratsawa, ba kusa da murhu ba. In da hali ka sayi wadda ba ta shan mai. Daga tankinta tiyo zai shigo ɗaki ya fara biyawa ta mataci mai ɗan kofin gilashi a ƙasa, wanda ke tare ruwa da datti, sannan abin daidaita matsi mai agogo. Yawancin irin waɗannan injuna a wajen bar 6 suke aiki (bar shi ne ma'aunin matsin iska), amma abin da takardar injinka ta ce shi za ka bi. Wasu suna zuwa da ɗan kofi na uku mai ɗiga mai cikin iska. In silindarka ba ta buƙata, bar shi ba kowa. In tana buƙata, man da aka yi domin injin abinci kaɗai za ka zuba, mai alamar H1 a jikin gwangwani, kuma ka juya bakin fitar iska ya kalli nesa da abinci. Dab da injin ka sa bawul ɗin da in an rufe shi yake huce iskar da ta rage a ciki. Zan dawo kan wannan bawul.

Bayan an haɗa, shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan iska ke zurara. Sannan ka kunna injin ba komai a ciki sau goma, kana saurare. Sauka da hawa su zama sumul, ba tsalle, ba ƙarar ƙarfe na dukan ƙarfe. In mai allon roba ne, ka daidaita tsayin saukar har kaifin ya taɓa allon kawai. Gwada da takarda: ta yanke ko'ina, amma allon kada ya yi zurfin tsaga.

Tarin da za a yanka

Nan ne gundarin aikin, kuma nan muka faɗi ranar farko.

Da na gama girkawa, Hajiya ta ƙagu. Ta sa aka kwaso tortiya daga kan tanda, suna tururi, aka jera kusan arba'in. Na ce, "Hajiya, a bari su sha iska tukuna." Ta ce, "Haba ɗan nan, ai don sauri na sayi abin. Danna mu gani." Na danna. Abin da ya faɗo cikin roba curi shida ne, kowanne kamar dawo. Wuƙar ta ratsa, amma matsin ya liƙe gefunan da juna, na ƙasa kuma sun zama ƙullu. Hajiya ta ɗauki curi ɗaya tana ƙoƙarin ɓantarewa da farce, yana yagewa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a hankali, "Malam, kuɗina sun tafi ke nan?" Na ce, "Ba su tafi ba, Hajiya. A shanya sauran, gobe da safe in dawo." Washegari muka jera ashirin da suka kwana, na danna, yankan ya zubo warwar kamar ganyen zogale busasshe.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tortiya mai zafi sitacinta bai daskare ba, yana da danƙo, kuma tana ci gaba da fitar da tururi. In ka jera ta a haka, tururin ba shi da hanyar fita, sai ya zauna tsakani ya zama gam. Inji kuwa ba ya gyara abin da aka ba shi, dannawa kawai ya sani. Tun ran gini ran zane.

Ga yadda muke yi yanzu. Tortiyar suya daban take da ta ci: ta fi siranta, niƙanta ya fi tsakuwa-tsakuwa, ruwanta ya fi kaɗan. Niƙan mai ɗan tsaki yana bar wa tururi ƙofofin fita a cikin mai, shi ya sa ba ta kumbura ta yi ƙuraje. Da ta sauka daga tanda, a shimfiɗa ta ɗaya-ɗaya a kan raga, ba a kan tire ba, don ƙasanta ma ya sha iska. Sai ta huce sarai, ka ɗora bayan hannunka ba ka ji ɗumi ba, sannan a jera, a rufe da tsabtataccen zane, a bar ta ta huta awoyi, damshin tsakiya da na gefe su daidaita.

Tsawon hutun kuwa Maraɗi ce ke yanke shi, ba takardar kamfani ba. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take ƙamas. Tortiyar da ka manta a kan raga ɗan lokaci kaɗan bakinta zai bushe ya fara tsagewa, in ta shiga inji gari za ka kwasa. Lokacin nan da ta huce ake rufewa, zanen ma a ninka shi. Da bazara kuwa hucewar ce ke wuya, ɗakin da kansa tanda ne, sai da fanka, kuma kada a kuskura a ƙulle ta a leda da sauran ɗumi, gumi za ta yi ta fara tsami. Da damina, musamman Agusta, ta fi kowane lokaci mannewa, don haka a tsawaita zamanta a raga, a rage yawan tari. Kafin kowane yanka ina gwaji biyu da hannu. In ɗaga ta sama daga tari: ta rabu da ta ƙasa ba tare da ta ja ta ba. In lanƙwasa ta rabi: ta lanƙwasu da ɗan tauri, ba ta karye nan take ba. Ta ci waɗannan biyun, ta isa yanka.

Wajen jerawa, a ware masu karkataccen baki da waɗanda suka yage, a yi musu tarinsu daban a ƙarshe. Ba asara ba ne, amma in suka shiga tsakiyar tari mai kyau suna karkatar da shi. A kama tarin a kaɗa gefensa da babban yatsa, kamar yadda ɗan canji ke kaɗa takardun kuɗi, don iska ta shiga tsakani. Mun sa mai walda ya yi mana zoben inoks mai tsaga a gefe, faɗinsa ya ɗara tortiya kaɗan, da zane a ciki da ke nuna iyakar tsayi. A cikinsa ake jerawa, ba sai an ƙirga ba, kuma tarin ya fito a miƙe.

Karanta yankan

Kada ka fara da iyakar abin da kamfani ya ce. Fara da goma, ka duba, ka ƙara biyar-biyar har inda yankan ya fara ɓaci, sai ka koma baya taki ɗaya. Nan ne lambarka.

Yankan da kansa yana gaya maka abin da ke damun inji. In na ƙasa ba su rabu ba, ko saukar wuƙa ta gaza, ko matsi ya faɗi, duba agogo a daidai lokacin dannawa, ba lokacin da injin ke hutawa ba. Allurar da ke faɗuwa sosai tana nufin tankin ya yi ƙanƙanta ko tiyon ya yi siriri. In gefen yanka ya yi gashi-gashi kamar an yaga, kaifi ya tafi. Mutane da yawa a nan suke ƙara matsi, wuƙa dakusasshiya kuma ta ƙara murƙushewa. In wasu sun fi wasu girma, tarin bai zauna a tsakiya ba, gyara madogaran da ke tare shi. In na sama suna zamewa gefe, wuƙar na saukowa da gudu, akwai ɗan sukurun rage gudu a bakin silinda, juya shi kaɗan-kaɗan. In tsinin kowane yanka ya dagargaje, leƙa inda wuƙaƙen suka haɗu a tsakiya, za ka tarar ƙullu ya cushe wurin. Tortiyar alkama ta fi ta masara jan rai saboda yauƙinta da man da ke cikinta, tana son kaifi sosai da gajeren tari.

Bayan yanka a warware da hannu, a soya a mai mai zafin digiri 175 zuwa 190 har kumfa ya lafa, a tsame, a barbaɗa gishiri ko yaji da zafinsa, a bari ya huce kafin a liƙe leda. Man gyaɗarmu na gida yana da ƙamshi, amma ya fi tacacce saurin hayaƙi, sai a kula da wuta.

Hannu da wuƙa

Ina roƙon mai karatu ya natsu a nan. Silinda mai faɗin milimita 100, fuskar fistin ɗinta santimita murabba'i 78 da rabi ce. Bar ɗaya kusan kilo ɗaya ne a kan kowane santimita murabba'i. A bar 6, ƙarfin da ke saukowa ya kai kilo 470. Kusan buhun gero biyar na kilo 100 ke nan, a kan bakin wuƙa. Yatsa ba ya ko rage masa gudu.

Shi ya sa ake yi wa injin maɓalli biyu nesa da juna, sai an danna su tare yake sauka, don hannu biyun duka su kasance a waje. Wata rana na biya gidan ba sanarwa, na tarar da yaron da ke aiki a kai ya ɗaure maɓallin hagu da robar tayar keke, yana danna na dama, hagunsa na gyara tari a ƙarƙashin faranti. Jikina ya yi sanyi. Na rufe iska na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?" Ya ce, "Maigida, ya fi sauri ne." Na ɗauko ƙashin rago daga kicin, na sa, na danna, na miƙa masa gutsattsarin a tafin hannu. Bai sake ba. Amma ban tsaya nan ba, na canza haɗin zuwa irin bawul ɗin da ba ya yarda sai an danna biyun kusan lokaci guda, an kuma saki duka kafin a sake. In za ka saya, ka nemi mai irin wannan tun farko, da murfin kariya a gefe uku.

Sai maganar bawul ɗin da na ce zan dawo kanta. Kashe kwamfuresa ba kashe inji ba ne. Iskar da ke cikin tanki da tiyo tana nan da ƙarfinta, kuma ta isa ta saukar da wuƙa. Kafin hannu ko sifana ya shiga ciki: a rufe bawul, a ji hucin iska ya ƙare, a ga allura ta kwanta a sifili, a danna maɓallan a tabbata ba motsi, sannan a sa katako ya tokare farantin. Haka in kuran ya ɗauke ana cikin aiki, ko za a koma kan gurub, wato janareta, a fara kashe makunnin injin. Mai bel musamman, ka tabbata irin wanda ba ya tashi da kansa ne in wuta ta dawo. Mutum ɗaya ne a kan inji, ba mai ɗorawa daban mai dannawa daban ba. Mata su cusa bakin hijabi ko mayafi cikin rigar aiki, maza su naɗe hannun riga. Yara kuwa ƙofar ɗakin ce iyakarsu.

Wanki da kaifi

Ƙullun masara in ya bushe a kan ƙarfe siminti ne, don haka da an tashi aiki ake wankewa, ba a kwana. A huce iska, a kwance kan wuƙa da safar hannu mai hana yanka, a jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, a goge da buroshi mai doguwar mariƙa daga gadon wuƙa zuwa baki. Soson ƙarfe kada ya taɓa shi, yana barin ɓurɓushin da ke tsatsa. A ɗauraye, a tsoma cikin ruwan jabel mai rauni: in kwalbar ta nuna kashi 2.6 cikin ɗari, babban cokali ɗaya a lita 2 na ruwa ya isa. Minti biyu, a fitar, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya. Jabel da ya daɗe a kan inoks yana cin sa ya bar ƙananan ramuka. Allon roba in ya yi tsagogi masu zurfi a juya shi ko a canza, nan datti ke ɓuya.

Safe da yamma a fita da wuƙaƙen rana a dubi bakinsu. Kaifi mai kyau ba ya ƙyalli. In ka ga farin layi yana walƙiya a baki, ya dakushe. In ka ga giɓi, tsaya: ɓallin ƙarfen yana wani wuri, kuma duk abin da aka yanka tun dubawar ƙarshe a ajiye shi gefe, kada ya fita kasuwa. A ƙirga notuna ma, don wanda ya kwance cikin abinci yake faɗawa. Wajen wasawa, kada a kai wa mai dutsen inji busasshe na bakin hanya. Zafinsa yana sa bakin ya yi shuɗi, taurin ƙarfen ya mutu, kwana biyu ya sake dakushewa. Dutsen ruwa da hannu, a bi kwanciyar bakin yadda kamfani ya yi shi, a wasa duka daidai don kada wata ta fi wata tsawo. Amfanin kan wuƙa na biyu ke nan, ɗaya na aiki ɗaya na wurin wasa.

Kowace yamma a buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin kwamfuresa a zubar da ruwan da ya taru. Da damina za ka yi mamakin yawansa, in an bar shi kuma shi ke cin tanki ta ciki ya bi tiyo ya lalata bawul. Da hunturu kuwa matacin da kwamfuresa ke shaƙar iska ta cikinsa ne ke toshewa, a kakkaɓe shi duk mako. Sandar silinda a goge ta da tsumma mai tsabta, a shafa giris mai alamar H1 kaɗan a inda takarda ta nuna.

Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta yawan tari, da matsin da agogo ya nuna, da awoyin da tortiya ta huta, da ranar da aka wasa wuƙa, don sabon ma'aikaci ya tarar da lambobin a shirye. Na gidan Hajiya yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, cikin leda saboda maiƙo, an raba shi gida uku: hunturu, bazara, damina.